Boleslav Mai Ƙeta: Basaraken Bohemiya da Ya Kashe Wansa, Ya Kuma Gina Ƙasa

A babban dandalin Firag, babban birnin ƙasar Cek, akwai ƙaton gunkin tagulla, mutum bisa doki riƙe da mashi mai tuta. Vaclav ke nan, waliyyin da 'yan ƙasar Cek suka ɗauka majiɓincinsu, har hoton gunkin ke kan silen korona 20. Ƙanensa Boleslav, wanda aka kashe Vaclav a hannunsa da na yaransa, bai sami irin wannan gata ba. Laƙabi kawai aka bar masa: Mai Ƙeta. Alhali shi ne ya riƙe Bohemiya sama da shekara 30, ya mai da ita ƙasar da maƙwabta ke shakka.

Wane gida ne wannan, kuma wace irin sarauta suke riƙe da ita?

Gidan Premysl ne, wanda ya mulki Bohemiya, yammacin ƙasar Cek ta yau, har zuwa 1306. Almara ta ce kakansu manomi ne, yana cikin huɗa da shanu aka zo aka kira shi sarauta. Na farkon da tarihi ya tabbatar shi ne Borivoj, wanda mai wa'azin Kirista Methodius ya yi wa baftisma wajen shekarun 880. Shi ne kakan Vaclav da Boleslav.

A harshensu ana kiran mai wannan muƙami "kniže". Basarake ne mai cikakken iko a ƙasarsa, amma ba shi da kambi, kuma sau da yawa yana kai gaisuwa ga sarkin Jamus. Sai a 1085 wani daga gidan ya fara sa kambi, sai kuma a 1212 aka tabbatar da sarautar ta zama ta gado.

Shin kisan Vaclav ne jinin farko da aka zubar a gidan?

A'a. Uwa da kaka ne suka fara. Da mahaifinsu Vratislav ya rasu a 921, yaran ba su isa mulki ba. Kakarsu Ludmila ce ke rainon Vaclav, tana koya masa addinin Kirista da karatu, uwarsu Drahomira kuwa ita ke riƙon ƙwarya. Zaman suruka da matar ɗa ya ƙi daɗi, domin wanda ke riƙe da yaron shi ke riƙe da ƙasar. A watan Satumban wannan shekarar wasu mutum biyu, Tunna da Gomon, suka shiga wa tsohuwar a ganuwar Tetin suka shaƙe ta, an ce da mayafinta. Littattafan coci sun ɗora laifin a kan Drahomira. Har yau masu zane suna zana Ludmila da gyale a wuya saboda wannan.

A gidan da aka yi haka Boleslav ya tashi yana ɗan yaro.

Yaya aka yi kisan?

Boleslav ya gayyaci wansa zuwa garinsa, wanda yanzu ake kira Stara Boleslav, don bikin tunawa da waliyyai Kosmas da Damiyan, ranar 27 ga Satumba. Aka ci aka sha har dare. Tarihohin waliyyin sun ce an yi wa Vaclav raɗa cewa ya gudu, ya ƙi. Da asuba ya nufi coci, suka yi kiciɓis da ƙanen a hanya, ya gode masa da liyafar jiya. Boleslav ya zare takobi ya kai masa sara a ka. Vaclav ya fi shi ƙarfi, ya kama shi ya kayar. Boleslav ya yi kururuwa, mutanensa Tira da Česta da Hněvsa suka rugo, suka ƙarasa Vaclav a bakin ƙofar cocin. Bayan haka aka bi magoya bayansa da kisa, uwar tasu ma ta tsere.

A lura da abu ɗaya: duk wanda ya rubuta wannan labari malamin coci ne mai son nuna Vaclav shahidi ne. Shi ya sa wasu masana na yanzu ke ganin wataƙila ba shiryayyen kisa ba ne, cacar baki ce tsakanin wa da ƙane ta rikiɗe, fadawa suka ga ubangidansu a ƙasa suka yi aika-aika. Ni dai gayyatar da kuma farautar magoya bayan da ta biyo baya sun sa ina kallon wannan uzuri da ido ɗaya.

A wace shekara?

Tsofaffin littattafan Cek sun ce 929, yawancin masana yau sun tsaya a 935. Abin da ya daɗa rikita lissafin shi ne an rubuta cewa ranar Litinin ce, 28 ga Satumba, kuma a shekarun biyu duka ranar ta faɗo Litinin.

To me ya raba su?

Ana yawan cewa faɗan Kirista da maguzawa ne. Wannan bai shiga ba, domin Boleslav ma Kirista ne, ya gina coci-coci, 'ya'yansa biyu kuma a hidimar coci suka ƙare. Abin da ya fi kama hankali shi ne batun Jamus. A 929 Sarki Henri na ɗaya ya kawo yaƙi har ƙofar Firag, Vaclav ya yarda da biyan gandu duk shekara don a zauna lafiya. Boleslav na hawa ya juya wa wannan baya. Daga 936 ya shiga yaƙi da Otto na ɗaya, ɗan Henri, aka yi shekara 14 ana ba-ta-kashi, sai a 950 ya sauko ya yi mubaya'a. Sai dai ya sauko ne da ƙarfinsa. Shekara biyar bayan haka, a yaƙin Lechfeld na 955, mayaƙansa 1,000 suna cikin rundunar Otto da ta karya Magyar, kakannin mutanen Hungari. Hankalinsa ya kwanta ta yamma, sai ya fuskanci gabas, ikonsa ya kai Morabiya da Silesiya har birnin Krakow.

Wane aiki ya yi a cikin gida har aka kira shi Mai Ƙeta?

Ya tarar da Bohemiya cike da ƙananan masu sarauta, kowa da ganuwarsa da mutanensa. Ya murƙushe su, ya gina sababbin ganuwoyi ya zuba nasa wakilan masu karɓar haraji da tara mayaƙa. A zamaninsa aka fara buga kuɗin azurfa a Firag, wanda suke kira dinari.

Kosmas na Firag, marubucin tarihi da ya rasu a 1125, ya kawo wani labari. Wai Boleslav ya tara manyan ƙasa a bakin kogin Elbe ya ce su gina masa ganuwar dutse irin ta Rumawa. Suka ce iyayensu ba su taɓa irin wannan bauta ba, su ma ba za su yi ba. Ya hau kan wani kututture, ya zare takobi, ya fille kan babbansu nan take. Sauran suka zube suna neman gafara, aka yi ginin. Kosmas ya rubuta wannan kusan shekara 150 bayan mutuwar basaraken, kuma ba ya ƙaunarsa ko kaɗan, amma labarin ya nuna yadda aka tuna da shi.

Ina ya sami dukiyar riƙe irin wannan runduna?

Nan ne labarin ke da ɗaci. Wajen 965 wani Bayahude daga Turtusha ta Andalus, Ibrahim ɗan Yaƙub, ya ziyarci Firag ya rubuta abin da ya gani da Larabci. Bayaninsa ya iso mana ta hannun al-Bakri, malamin nan da ya ba da labarin daular Ghana ta dā. Ibrahim ya ce gari ne na dutse da farar ƙasa, babbar matattarar fatake. Rusawa da Silabawa na zuwa daga Krakow, Musulmi da Yahudawa da Turkawa na zuwa da kaya da tsabar kuɗi, su sayi bayi da kuza da fatu. Da sile ɗaya mutum zai sayi kaji goma, ko alkamar da za ta ishe shi wata guda, ko sha'irin doki na kwana 40. Ya ga kuma wasu ƙananan ƙyallaye masu shara-shara kamar raga, ba sa amfanin komai, amma su ne canji a kasuwa, goma a kan sile ɗaya.

Bayi su ne kan gaba a jerin. Mutanen da mayaƙan Boleslav ke kamowa daga gabas ana kora su Firag, daga can wasu su ƙare a Kurɗuba ta Andalus, inda ake kiransu Saƙaliba. Kuɗinsu ke ciyar da rundunar, rundunar kuma ta sake kamo wasu. Da faɗaɗar ƙasa ta tsaya a ƙarshen ƙarnin, tsarin ya fara tangal-tangal a hannun magadansa.

'Ya'yansa fa?

Huɗu ne aka fi sani. 'Yarsa Doubravka ya aurar wa Mieszko na ɗaya, basaraken Folan, a 965. Shekara na zagayowa mijin ya karɓi baftisma, kuma daga 966 ɗin nan mutanen Folan ke ƙirga tarihin ƙasarsu. Ɗanta, wanda ya ci sunan kakansa, shi ne ya fara sa kambin Folan a 1025. Ɗaya 'yar tasa, Mlada, ya aika ta Roma neman a ba Firag nata bishop, ta dawo ta shugabanci gidan mata masu ibada na farko a ƙasar, na Waliyyi Joji. Kujerar bishop ɗin ta samu a 973, bayan rasuwar uban, wadda wasu ke sawa a 967, wasu a 972. Boleslav na biyu ne ya gaje shi.

Na huɗun, Strachkvas, an ce an haife shi ne a lokacin waccan liyafa ta jajibirin kisan Vaclav, sunansa ma na nufin "walima mai ban tsoro". Uban ya sadaukar da shi ga coci, aka kai shi Regensburg ta Jamus ya yi karatu.

Me ya faru da gawar Vaclav?

Kimanin shekara uku bayan kisan, Boleslav da kansa ya sa aka tono ta aka kai cocin Waliyyi Vitus a Firag, wanda marigayin ya gina. Ko nadama ce ko dabara, ta amfane shi: gidan Premysl ya sami waliyyi na jininsa, masu ziyara suka fara tururuwa zuwa fadar. Tun shekarar 2000, 28 ga Satumba ranar hutu ce a ƙasar Cek. A lokacin bikin ana ɗauko ƙoƙon kan Vaclav daga Firag a kai shi inda ya faɗi, a garin da har yau ke amsa sunan ƙanen.