Waiwaye: yadda iskar teku ta sa aka yi wa Churchill Square rufi

Jiya da daddare muna zaune wajen mai shayi a Tudun Wada ƙanina da ke karatu a Biraiton ta ƙasar Ingila ya turo min hoto a WhatsApp, wai ya shiga wata babbar kasuwar zamani mai suna Churchill Square sayen bargo da tukunya, ga gilashi ga fitilu ga matakala mai tafiya da kanta. Abokina da ya karanta zanen gine-gine a Samaru ya karɓi wayar ya duba, ya ce ai da can wurin nan a buɗe yake fayau kamar filin idi. Na ce haba malam. Ashe gaskiyarsa.

Biraiton gari ne na bakin teku a kudancin Ingila, tafiyar kamar awa ɗaya a jirgin ƙasa daga Landan, mutane na zuwa shan iska da yawon buɗe ido. Inda kasuwar take yanzu da unguwar talakawa ce, lunguna da ƙananan gidaje a cushe, hukumar gari ta fara rushe su tun wajen shekarun 1930, sai yaƙin duniya na biyu ya zo komai ya tsaya, fili ya daɗe a haka ana ajiye motoci. Sai a 1968 aka buɗe kasuwar, aka sa mata sunan tsohon firaministan Biritaniya Winston Churchill wanda ya rasu a 1965, dama yana yaro ya yi makaranta a Hove da ke manne da garin.

To a nan fa aka yi kuskuren. Kankare ne zalla, shaguna a jere, tsakiya ba rufi, a garin da ke fuskantar teku, ga ruwan sama ba damina ba rani ga iska mai sanyi tana bi ta tsakanin gine-ginen tana kaɗa mutane, kai ko ɗan koli a kasuwar Sabon Gari ya san kafin ya baza kaya sai ya kafa rumfa, amma masana da digirinsu suka manta da wannan. Yayi ne na lokacin, kowa kankare kankare. Har wani dogon sassaƙe na kankaren suka kafa mai suna Spirit of Brighton, shi ma a 1992 aka rushe shi. Kafin shekarun 1980 su ƙare wurin ya yi baƙi ya tsufa, masu saye sun ja baya, shaguna suna rufewa ɗaya bayan ɗaya.

Daga ƙarshe dai aka haƙura da kwaskwarima. A 1996 aka soma rushewa, kamfanin Standard Life ya zuba kuɗi wajen fam miliyan 90, a watan Satumba na 1998 aka sake buɗe ta a rufe ruf, shaguna kusan tamanin da wuraren ajiye mota. Ko shekara talatin ginin farko bai cika ba fa, alhali ganuwar Zazzau ta ƙasa ce kuma har yau ana ganin sauranta.

Rufin ya yi maganin iska amma bai yi maganin intanet ba. Kantin BHS da ke cikin kasuwar ya durƙushe a 2016, sai Debenhams wanda shi ne babban kantin da ke jawo jama'a ya rufe a 2021 bayan korona, kamfanin Boohoo ya sayi sunan kawai ya mayar da cinikin ta intanet, aka bar ƙaton wuri wayam. Duk wanda ya shiga Ado Bayero Mall a Kano bayan Shoprite ya tattara a Janairun 2024 ya san yadda abin yake, in babba ya tashi ƙananan shaguna ne ke ji a jikinsu.

A ƙarshen 2023 Ingka Centres, wato ɓangaren masu IKEA, kamfanin nan mai sayar da kayan ɗaki, suka saye kasuwar gaba ɗayanta a kan kusan fam miliyan 145, suka gyara inda Debenhams ya bari, a Agustan 2025 suka buɗe nasu kantin a ciki. Can ƙanin nawa ya sayo bargon, ya ce yaya wallahi yana fitowa ƙofa iska ta karya masa lema.