Dokar sunayen tsirrai: me ya raba bagaruwa da tsohon sunanta?

Majeman Damagaram ba su san wata bagaruwa ba sai wadda suke jiƙa 'ya'yanta su jeme fata. Amma ɗalibin aikin gona da ya buɗe tsohon littafi zai ga Acacia nilotica, sabo kuma ya ce masa Vachellia nilotica. Icen dai na nan yadda yake. Doka ce ta taɓa sunan.

Masana tsirrai na duniya suna da kundin doka guda, suna gyara shi a babban taronsu. Na baya-bayan nan a Madrid aka yi, a 2024. Ƙirgen sunaye yana farawa daga 1 ga Mayu 1753, shekarar da Carl Linnaeus na Suwidin ya tsara ba kowane tsiro suna mai kalma biyu.

Ginshiƙin dokar shi ne, kowane suna a ɗaure yake da samfuri ɗaya: reshe busasshe, da ganye da fure, manne a takarda, an adana a ma'ajiyar tsirrai. In gardama ta tashi, wannan takardar ake ɗaukowa, kamar yadda masu rikicin gona ke komawa ga dutsen iyaka. Tun daga 1958, duk wanda ya raɗa sabon suna bai nuna samfurinsa ba, sunan bai zauna ba.

To, na da fa? Su Linnaeus ba su nuna komai ba. Sai doka ta ce masani na yau ya koma kan kayan da mai raɗin ya gani da idonsa, busassun rassa ko zane, ya zaɓi ɗaya. In duk sun salwanta, a samo sabo ya tsaya a madadinsu. Wanda ya riga zaɓa bisa ƙa'ida shi ake bi, kuma daga 2001 dole ya rubuta ƙarara cewa a nan ne ya ayyana. Ba a ture zaɓin sai da hujja, misali ya saɓa wa bayanin farko.

Nan bagaruwa ta shigo. Ita ce da ma ke riƙe da sunan jinsin Acacia, wato kalmar farko a sunan mai kalma biyu. Da bincike ya nuna dole a raba jinsin, bisa ƙa'ida sunan namu ne. Amma Ostareliya na da irin waɗannan itatuwa kusan dubu, sai taron Biyana na 2005 ya mayar da sunan kan wani icensu, taron Melbon na 2011 ya tabbatar. Sai bagaruwa ta koma Vachellia nilotica, dakwara mai ba mu ƙaro kuma ta koma Senegalia senegal.

A ganina doka ta ba da wannan ƙofa, amma yawa aka duba, ba asali ba. Ga ɗalibi ko ma'aikacin gandun daji, abin yi shi ne ya nemi bayani da sunayen biyu, don rahotannin da aka rubuta kafin 2005 akasari da sunan Acacia suke.