Harajin kwastam da ya raba jam'iyyar Taft gida biyu

Me ya sa harajin shigo da kaya ya zama abin rigima a Amurka a farkon ƙarni na 20?

A wancan lokacin gwamnatin tarayya ba ta karɓar haraji daga kuɗin shigar mutane. Kuɗin kwastam da harajin giya da taba ne ke riƙe da baitulmali. Masu masana'antu na arewa maso gabas suna son harajin ya yi tsada, don kayan Ingila da Jamus su kasa gogayya da nasu. Manomin Iowa kuwa yana sayar da masararsa a farashin kasuwar duniya, amma in zai sayi bargon ulu ko garma, sai ya biya tsadar da harajin ya jawo. Dokar Dingley ta 1897 ta ɗaga harajin sosai, kuma Shugaba Theodore Roosevelt ya gama mulkinsa a 1909 bai taɓa ta ba.

Ina Taft ya samu matsala?

William Taft na jam'iyyar Republican ya ci zaɓen shugaban ƙasa na 1908 da alkawarin gyara harajin, mutane kuma suka fahimci ragi ake nufi. Majalisar Wakilai ta amince da ƙudurin ɗan majalisa Sereno Payne mai ɗan sassauci. Da ya isa Majalisar Dattawa, Sanata Nelson Aldrich na Rhode Island ya cusa masa gyare-gyare ɗaruruwa, akasarinsu ƙari ne. Taft ya sa hannu a watan Agusta 1909. Abin da ya fi ɓata wa manoma rai shi ne jawabinsa a garin Winona na jihar Minnesota, a tsakiyar yankin da ke kuka da dokar, inda ya kira ta mafi kyawun dokar haraji da jam'iyyar Republican ta taɓa yi. A ganina, daga nan tafiyarsa ta fara lalacewa. A zaɓen 1910 'yan Democrat suka karɓe Majalisar Wakilai.

Ya batun ya shafi ƙasashen waje?

A 1911 Taft ya ƙulla yarjejeniyar rage haraji da Kanada, majalisar Amurka ta amince. Amma a lokacin muhawarar, Champ Clark, jigon 'yan Democrat a majalisa, ya fito ya ce yana fatan ganin tutar Amurka ta lulluɓe Kanada. Maganar ta tayar da hankalin 'yan Kanada. Firaminista Wilfrid Laurier ya sha kaye a zaɓen Satumba 1911, yarjejeniyar ta mutu tare da gwamnatinsa.

A kudu abin ya fi ciwo. Tun 1905 jami'an Amurka suka karɓi tattara kuɗin kwastam na Jamhuriyar Dominika don biyan masu bin ta bashi. A zamanin Taft da sakataren harkokin wajensa Philander Knox, bankunan New York suka ba Nikaragua rance, aka damƙa kwastam ɗinta a hannun Ba'amurke, sojojin ruwan Amurka kuma suka sauka a 1912. Ƙasar da wani ke karɓar kuɗin tashar jiragen ruwanta, sunan 'yanci kawai ya rage mata.

Yaya rigimar ta ƙare?

Roosevelt ya nemi tikitin Republican a 1912, aka ba Taft, sai ya fice ya kafa jam'iyyar Progressive. Ƙuri'u suka rabu: Woodrow Wilson na jam'iyyar Democrat ya samu wakilan zaɓe 435, Roosevelt 88, Taft 8 kacal daga Utah da Vermont. A watan Afrilu 1913 Wilson ya je gaban majalisa da kansa ya nemi a rage harajin, abin da babu shugaban da ya yi tun John Adams. Dokar Underwood ta Oktoba 1913 ta rage shi sosai, aka cike giɓin da harajin kuɗin shiga, wanda gyara na 16 ga tsarin mulki ya halatta a farkon shekarar. An fara da kashi 1 cikin 100 a kan abin da ya haura dala 3,000 a shekara.