Kuɗin da ya haura riyal 100,000 ba ya tabbata da shaidar baki a kotun Saudiyya

Alƙali a Makka ko Jidda ba ya yanke hukunci da abin da shi kansa ya sani, balle da rantse-rantsen da mai ƙara ke yi a bakin ƙofa. Dokar hujjoji, wato Nizamul Isbat, wadda aka fitar a ƙarshen 2021 ta fara aiki a watan Yuli na 2022, ita ce ta tsara abin da kotu za ta karɓa a rigingimun bashi da ciniki. Tushenta sananne ne ga duk wanda ya zauna gaban malami: hujja tana kan mai da'awa, rantsuwa tana kan wanda ya musa.

Inda mutanenmu suka fi shan kashi shi ne sashe na 66. Duk mu'amalar da ƙimarta ta wuce riyal 100,000, ko wadda ba a fayyace ƙimarta ba, sai da rubutu ake tabbatar da ita. A ce ɗan kasuwa ya damƙa wa abokin harkarsa riyal 130,000 ya saro abayoyi da turare a tura Kano, a gaban dattawa biyu bayan sallar isha'i, ba takarda. Mutumin ya musa. Dattawan nan, komai mutuncinsu, shaidarsu ba za ta tabbatar da kuɗin ba. Dabarar cewa "to bari in nemi 90,000 kawai" ita ma ba ta ɓullewa, domin doka ta toshe neman wani yanki na haƙƙin da asalinsa sai da rubutu. Ƙimar kuma ta ranar da aka ƙulla cinikin ake dubawa.

Akwai ƙofofi uku da ake bari shaidu su shigo: idan akwai ɗan rubutu daga hannun wanda ake ƙara da ke nuna alamar gaskiyar da'awar, ko wani hani ya sa ba a iya karɓar takarda ba, har da na kunya irin ta tsakanin 'yan uwa na jini, ko takardar ta ɓace ba da sakacin mai ita ba. Dokar da kanta ta lissafa aure da dangantakar jini ko ta surukuta har mataki na huɗu cikin wannan hanin na kunya.

Abin da ya sauƙaƙa al'amarin shi ne dokar ta ba hujjar waya da kwamfuta matsayin rubutu. Imel, saƙonnin WhatsApp, da shaidar tura kuɗi ta banki duk suna shiga. Amma rasidin banki yana nuna kuɗi sun fita ne kawai, bai ce bashi ba ne ko jari ko kyauta. Saƙon da ke cewa "na karɓi 130,000 na kayan Kano, zan kawo bayan Hajji" shi ke cike giɓin. A bar hirar a cikin wayar yadda take, kada a goge komai. Hoton allo guda da aka yanke ya fi sauƙin musantawa. Kuma tun da harshen kotu Larabci ne, hirar Hausa sai an kai ta ofishin fassara mai lasisi. A rubuta wa juna cikin kwangila wace lamba ko wane imel za a riƙa amfani da shi, domin hakan yana ƙara wa saƙonnin nauyi.

A ƙasa da 100,000 shaidu na aiki, amma ba kowa ba. Uba ba ya shaidar ɗansa, ɗa ba ya shaidar ubansa, miji da mata ba sa yi wa juna ko bayan rabuwa, haka wanda zai ci riba da shaidar. Yaron da bai kai shekara 15 ba, sauraronsa kawai ake yi don ƙarin haske. Wanda aka kama da shaidar zur kuwa, ofishin mai gabatar da ƙara ake miƙa shi.

Idan hujjojin ɓangarorin biyu suka ci karo, alƙali zai ɗauki wadda ta fi rinjaye a wurinsa bisa yanayin shari'ar, in babu mai rinjaye ya ajiye duka, kuma dole ya rubuta dalilinsa cikin hukuncin. Wannan dalilin ne ake kamawa wajen ɗaukaka ƙara. Wanda hannunsa ya zama wayam, abin da ya rage masa shi ne neman a rantsar da abokin shari'arsa. A yi tunani kafin a nema: in ya rantse, an kori ƙarar, in ya ƙi rantsuwa ba uzuri bayan an gargaɗe shi, hukunci na iya hawa kansa.