Fentin tsohon babur a gida (Kumasi)

Fentin babur a gida aiki ne da mai babur ko wani na kusa da shi ke yi da hannunsa domin sabunta launin wasu sassan da suka koɗe ko suka yi tsatsa, maimakon kai wa masu feshi na gareji. A unguwannin zango na Kumasi, irin su Aboabo, Asawase, Sabon Zango da Sawaba, inda aka fi kiran babur da moto, sassan da aka saba yi wa wannan aiki su ne tankin mai, madigadi na gaba da na baya, murafan gefe da salansa. Firam da inji ba kasafai ake taɓa su ba, don fentinsu na buƙatar a wargaza babur ɗin gaba ɗaya, kuma wannan aikin fita ne, wato makanike.

Tarihin kayan aikin

Kusan duk abin da mai fenti ke riƙewa a tsakar gida a yau masana'antar mota ce ta haifar da shi. Kekuna da baburan farko a Ingila baƙin fenti mai kauri ake shafa musu, a sa su a tanda su gasu. Motoci kuwa da buroshi ake yi musu shafi kan shafi, kowanne sai ya bushe kafin a ɗora na gaba, har aikin mota ɗaya ya ci makonni. Bindigar feshi da iska ta fito daga gidan DeVilbiss na birnin Toledo a Amurka wajajen 1907, daga wata na'urar da mahaifin gidan, wanda likita ne, ya ƙera don fesa magani a maƙogwaro. Amma ba ta sauya sana'ar ba sai da aka samu fentin da ya dace da ita. Wannan shi ne Duco na kamfanin DuPont, fentin selulos mai bushewa cikin sa'o'i, wanda aka fara sa wa motoci a tsakanin 1923 da 1924.

A ƙarni na ashirin ɗin ne kuma sauran kayan suka biyo baya. Kamfanin 3M ya fitar da sandfefar da ake gogawa da ruwa a 1921, sannan ma'aikacinsa Richard Drew ya ƙirƙiro salatif ɗin takarda na rufe wuraren da ba a so fenti ya taɓa a 1925, bayan ya ga wahalar da masu fentin mota mai launi biyu ke sha. Fentin gwangwani na feshi ana danganta shi ga Edward Seymour na jihar Illinois, a 1949, kuma shi ne ya mayar da aikin abin da za a iya yi ba kwamfiresa. Fila mai taurara da sinadari, wadda ta maye gurbin narkakkiyar dalma wajen cike lotsawa, ta yaɗu daga tsakiyar shekarun 1950. Fenti mai haɗi biyu, wanda ake zuba masa hadina (sinadarin da ke taurara fenti) kafin a fesa, da tsarin fesa launi sannan a rufe shi da kiliya, wato shafi marar launi mai sheƙi, sun kankama ne daga shekarun 1970 zuwa 1980.

Yadda sana'ar ta shiga gidaje a Kumasi

Cibiyar gyaran ababen hawa a Kumasi ita ce Suame Magazine, ɗaya daga cikin manyan matattarar masu sana'ar ƙarfe a Afirka ta Yamma. Ana danganta asalinta da makanikai da maƙera da suka taru kusa da tsohon rumbun makamai na Turawan mulki wajajen shekarun 1930, kafin a mayar da su Suame a farkon shekarun 1960. A can sana'o'i a rarrabe suke: fita daban, mai walda daban, mai buga bodi daban, mai feshi daban. Yaro kan shekara uku ko fiye a hannun masta, kuma a sashen feshi yakan daɗe yana guga kawai kafin a miƙa masa bindiga. Samarin zango da dama sun bi ta wannan hanya, wasu suka kammala, wasu suka bari a tsakiya suka koma tuƙi ko kasuwanci. Daga hannun irin waɗannan ne ilimin guga da haɗa fenti ya bazu cikin unguwa.

Baburan da aka fi yi wa fenti a gida tsofaffin na Japan ne. Akwai dangin Honda Super Cub da aka fara ƙerawa a 1958, da Honda CG125 ta 1975 wadda aka tsara musamman don ƙasashen da ba a cika sauya man inji a kan lokaci ba, da Yamaha AG100 da malaman gona da ma'aikatan lafiya suka sha hawa a karkara. Daga wajajen 2000 baburan China irin su Haojue da Apsonic, da Boxer ta Indiya, suka cika kasuwa tare da kayan gyaransu masu araha. Mai irin wannan babur sau da yawa sabon murfin gefe yake saya, da sitikarsa a jiki. Mai tsohuwar Honda kuwa yana riƙe da tankinta na asali, don masu su na ganin ƙarfensa ya fi na yanzu kauri.

Guga da shiri

Mafi yawan aikin kafin a buɗe gwangwani yake. Ana kwance sassan, a tsiyaye tanki, a cire murfinsa da famfon mai, a wanke komai da omo don maiko ya fita, tun da fenti ba ya kama wurin da gires ko man goge-goge ya taɓa. Inda tsatsa ta ci, ana kankarewa da sandfefa mai kaushi, lamba 80, har farin ƙarfe ya bayyana. Tsatsar da aka rufe da fenti ba ta mutuwa, cikin damina ɗaya take kumbura shi daga ƙasa. Lotsawa ana cike ta da fila sirara-sirara, a daidaita da lamba 180, domin fila mai kauri tana tsagewa da girgizar inji. Daga nan sai faraima, wato shafin farko da fenti ke kamawa a kai, a goge ta da sandfefa lamba 400 zuwa 600 da ruwa har tafin hannu ya daina jin gargada.

Idan tsohon fenti bai ɓare ba, dusar da sheƙinsa ya isa. Sai dai tinar selulos, ruwan da ake tsinka fentin da shi, na da ƙarfi, tana iya yamutsa tsohon fentin mai da ke ƙasa, shi ya sa ake gwadawa a ƙasan tanki tukuna. Murafan roba na buƙatar tasu faraimar. Sassan da aka yi wa kurom fenti ba ya zama a kansu sai an kankare su sosai, kuma masu sanin darajar tsohon babur gogewa kawai suke yi.

Feshi

Ana girgiza gwangwani minti biyu, a riƙe shi kamar santimita 20 zuwa 25 daga ƙarfe, a yi shafi sirara uku ko huɗu da tazarar minti 10 zuwa 15. Garaje ke kawo tsiyayar fenti. Babbar matsalar tanki ita ce fetur, wanda ke narkar da fentin gwangwani na yau da kullum a bakin murfi. Kiliya mai hadina ce ke jure masa, don haka wasu kan yi guga da launi a gida su kai wa mai feshi ya rufe. Man birki ma yana cin fenti. Salansa tana da nata fenti mai jure zafi har wajen digiri 600.

Yanayi

Kumasi na da damina biyu, daga Maris zuwa Yuli, sai Satumba zuwa Nuwamba. A ranakun da iska ke da laima, selulos kan bushe da farin hazo a fuskarsa. Hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, yana busar da fenti da sauri amma ƙurarsa na manne wa ɗanyen shafi, don haka ake yayyafa ruwa a ƙasa a yi feshin da hantsi kafin iska ta taso. A gidajen haya na zango, inda iyalai da yawa ke girki da gawayi a tsakar gida ɗaya, ana neman lungu nesa da murhu da igiyar shanya.

Haɗari

Tankin da aka tsiyaye yana riƙe da tururin fetur, kuma walda ko tartsatsi na iya fasa shi. Hadina na ɗauke da sinadarin isosayanet mai jawo asma, wanda ƙyalle ko takunkumin takarda ba sa tarewa.

Doka

Launin babur na cikin bayanan rajistarsa a DVLA, hukumar lasisin tuƙi da rajistar ababen hawa ta Ghana, wadda aka kafa a 1999, don haka sauya launi gaba ɗaya na buƙatar gyara takardu. Ba a rufe lambar firam da ta inji da fila ko fenti mai kauri, saboda 'yan sanda da masu saye su suke dubawa.