Annabce-annabcen Ibraniyawa da Saƙon Almasihu Gicciyayye

Annabce-annabcen Almasihu mai shan wahala wasu ayoyi ne na littattafan Ibraniyawa, waɗanda Kiristoci ke kira Tsohon Alkawari, da mabiyan Yesu na farko suka ɗauka a matsayin busharar mutuwarsa a kan gicciye. Galibinsu suna cikin Ishaya, Zabura da Zakariya. Malaman Yahudawa ba su yarda da wannan fahimta ba.

Tushen lamarin

A zamanin mulkin Rumawa, Yahudawa da dama suna sauraron zuwan sarki daga zuriyar Dawuda wanda zai fatattaki maƙiya. Gicciye kuwa hukuncin bayi ne da 'yan tawaye, ga shi Attaura ta ce la'ananne ne wanda aka rataye a bisa itace (Maimaitawar Shari'a 21:23). Don haka cewa Almasihu ya mutu irin wannan mutuwa magana ce mai wuyar haɗiya. Manzo Bulus da kansa, a wasiƙarsa ta farko zuwa ga Kiristocin birnin Korinti, wadda ake jin ya rubuta wajen shekara ta 54 miladiyya, ya ce saƙon abin tuntuɓe ne ga Yahudawa, wauta kuma ga sauran al'ummai. A wasiƙar ce kuma ya ce Almasihu ya mutu kamar yadda Littattafai suka faɗa, amma bai ambaci aya ko ɗaya ba.

Bawan da ke cikin Ishaya

Babu nassin da ya kai Ishaya 52:13 zuwa 53:12 nauyi a wannan batu. Yana siffanta wani bawan Allah da aka raina, aka yi masa rauni saboda laifin wasu, aka kai shi kamar ɗan rago mayanka bai buɗe baki ba, aka binne shi tare da mugaye, daga bisani aka ɗaukaka shi. Yawancin masu nazari na zamani suna ganin an rubuta surori 40 zuwa 55 ne gab da ƙarshen zaman bautar da Yahudawa suka yi a Babila, kafin Sairus na Farisa ya ci birnin a 539 kafin miladiyya, ko da yake masu riƙo da al'ada suna danganta littafin duka ga Annabi Ishaya na ƙarni na 8 kafin miladiyya. A 1892 Bajamushe Bernhard Duhm ya ware nassosi huɗu da ya kira waƙoƙin bawa, wannan ce ta huɗu.

Babu gardama cewa nassin ya girmi Kiristanci. Babban naɗin Ishaya da aka gano a kogon Kumran, kusa da Tekun Gishiri, a 1947, an kiyasta shi a ƙarni na 2 kafin miladiyya, kuma surar tana ciki. Gardamar a kan wane ne bawan take. Littafin Ayyukan Manzanni, sura ta 8, ya kawo labarin wani bābā, ma'ajin sarauniyar Habasha, yana karanta wurin a cikin karusarsa a hanyar Gaza, ya tambayi Filibus, wani mai wa'azi cikin mabiyan Yesu, ko annabin da kansa yake ko da wani. Filibus ya ce da Yesu ne.

Zabura da Zakariya

Zabura ta 22 kukan mutum ne da maƙiya suka kewaye. A cikin littattafan Bishara, Markus da Matiyu sun sa ayarta ta farko a bakin Yesu a kan gicciye, Yohanna kuma ya haɗa ƙuri'ar da sojoji suka jefa a kan rigarsa da aya ta 18. Ana saɓani a kan ko aya ta 16 tana maganar huda hannuwa da ƙafafu, domin tsofaffin kwafe-kwafen ba su zo ɗaya ba. Daga Zakariya aka ɗauko makiyayin da aka buge tumaki suka watse (13:7), da wanda aka soka (12:10), da azurfa talatin (11:12), wadda Matiyu ya haɗa da kuɗin da aka biya don a ci amanar Yesu, amma ya jingina ayar ga Annabi Irmiya.

Wasu suna ƙara Daniyel 9:26, inda aka ce za a datse wani shafaffe, wato wanda aka keɓe da shafa mai.

Tarihin muhawara

Wajen shekara ta 160 marubucin Kirista Jastin Shahidi ya rubuta muhawararsa da wani Bayahude mai suna Tarifo, inda ya dogara sosai da waɗannan ayoyi. Orijin, wani malamin Kirista a ƙarni na 3, ya ruwaito cewa malaman Yahudawa sun amsa masa cewa bawan al'ummar Isra'ila ce baki ɗaya, kuma lalle Ishaya ya kira Isra'ila bawa a wurare kamar 41:8. Sai dai bakin magabata bai zo ɗaya ba: Targum na Yonatan, wato tsohuwar fassarar da Yahudawa suka yi wa littattafan annabawa zuwa harshen Aramiya, ya ce bawan Almasihu ne, amma ya mayar da yawancin wahalar kan wasu. Sharhin Rashi (1040–1105), malamin Yahudawa a Faransa, shi ya ƙarfafa fassarar cewa bawan al'ummar Isra'ila ce har ta rinjaya. A 1263 aka tilasta wa malamin Yahudawa Nahmanides kare matsayinsu a Barselona, a gaban Sarki Yakubu na Ɗaya na Aragon.

Musulunci bai shiga gardamar ayoyin ba, domin Alƙur'ani (Suratun Nisa'i, aya ta 157) ya ce ba a kashe Annabi Isa ba, ba a kuma gicciye shi ba.

Amfani a yau

Coci-coci da dama suna karanta Ishaya 53 da Zabura 22 a sujadar Juma'ar da ke gabanin Ista.