Mene ne whisper a Turanci, kuma a ina ake sa ta?

Duk wanda ya yi firamare idan ka tambaye shi ma'anar whisper zai ce maka raɗa, kuma gaskiyarsa. Amma mu a Hausa muna da raɗa, muna da jita-jita, muna da wasiwasi, ga kuma ƙus-ƙus, kowacce da inda take zama, Bature kuwa duk ya tattara su ya ɗora wa kalma ɗaya. Shi ya sa ɗalibi zai karanta jarida ya ga whispers ya ɗauka wasu ne suka haɗa kai suna magana a kunne, alhali zancen daban ne.

Mu fara da furuci tukuna. Yawancin Turawan Ingila wispa suke cewa, h ɗin nan ba a jin ta. A tsohon Turanci hwisprian ake rubutawa, h ce a gaba, daga baya aka juya haruffan suka koma wh, kuma har yau a Sikotland da Ailan za ka ji masu fitar da ita da ɗan huci. Kalmar ma kwaikwayon sautin abin take yi, faɗe ta a hankali ka ji yadda iska ke fita.

A ma'anarta ta asali, magana ce da numfashi zalla ba murya. Idan kana magana kamar kullum akwai wasu tantani guda biyu a maƙogwaro da suke karkarwa, ɗora yatsa a wuyanka ka ce aaa za ka ji su, toh idan ka koma raɗa karkarwar nan tsayawa take, iska ce kawai ke wucewa. Ƙarfinta a ma'aunin ƙarar sauti wajen desibel 30 ne, hira ta yau da kullum kuma wajen 60. Abin da ya fi burge ni a nan shi ne Turanci bai cika wahala da raɗa ba, don bai dogara da karin sauti wajen bambance kalmomi ba. Mu kuwa kukan yaro da kukar miya hawa da saukar murya ne ya raba su, in ka raɗa sai mai ji ya dogara da sauran jimlar. Af, kuma likitocin maƙogwaro suna hana wanda muryarsa ta dishe yin raɗa, saboda tana iya gajiyar da maƙogwaron fiye da magana a hankali.

Wajen haɗa jimla ba wuya. Ana cewa whisper to someone ko whisper in his ear, wato ka raɗa wa mutum. Amma da zarar ka ga whisper about, ko there are whispers that, toh an bar kunne an shiga jita-jita, magana ce da ke yawo a gari ba wanda ya yarda ya ce shi ya faɗa. 'Yan jaridar siyasa da na ƙwallo suna son wannan sosai don yana ba su damar sakin labari ba tare da sun ɗau alhakinsa ba, kuma ni dai ina ganin duk inda ka ci karo da shi ka san ba a tabbatar ba, kar ka ɗauka ka tura wa mutane a WhatsApp a matsayin labari. Akwai whispering campaign ma, shi ne a shirya da gangan a dinga yaɗa ƙananan maganganu a ɓoye don a ɓata sunan ɗan takara ko abokin aiki.

Sai wanda ya fi shafar mu. Masu fassara Alƙur'ani zuwa Turanci idan sun zo Suratun Nas da whisperer suke fassara alwaswas, haka masu wa'azi da Turanci za ka ji suna cewa whispers of Shaytan. Wannan wasiwasi ne, ba wani sauti da kunne ke ji, a zuci abin yake. Wanda ya fassara shi da raɗar shaiɗan za a gane, amma ya rage wa maganar nauyi.

Akwai wasu 'yan haɗe-haɗe da ya kamata ka sani. Stage whisper daga wasan kwaikwayo ta fito, ɗan wasa ya yi kamar yana raɗa amma da ƙarfi don 'yan kallo su ji, yanzu ana faɗar ta ga duk mai raɗar da yake so kowa ya ji, kusan habaici kenan. Chinese whispers wasan yara ne a Ingila, a raɗa magana daga kunne zuwa kunne har ta isa ga na ƙarshe ta canza kamanni, a Amurka telephone suke ce masa, kuma mutane da yawa sun daina amfani da sunan farkon saboda ana ganin akwai cin fuska ga Sinawa a ciki, gara ka guje shi. Horse whisperer kuma mai iya horar da doki mai gardama ne cikin lalama, daga nan aka faɗaɗa, mai iya rarrashin jarirai ma sai a ce masa baby whisperer.

Kar kuma ka haɗa ta da mutter, wannan gunaguni ne na wanda ransa ya ɓaci, ko mumble, wato cin magana ta yadda ba a gane me kake faɗa. Su biyun nan da murya ake yin su, ƙasa-ƙasa dai.